Kek Ɗin Garin Alkama da Walnot: Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Kashe Kwaɗayi Ba Tare da Cutar da Kanta Ba

Da zarar laulayi ya lafa, cikin wata na huɗu ko na biyar, sai ki ji bakinki ya buɗe, kwaɗayin kayan zaƙi ya taso. Yau biskit, gobe cincin, jibi lemon kwalba da kek ɗin kanti. Kwaɗayi ba laifi ba ne, kusan kowace mai ciki tana yin sa. Inda matsalar take shi ne yawancin kayan kantin nan farar fulawa ce da sukari da mai, su cika ciki, su ƙara ƙiba, su tayar da sukarin jini, amma abin da suke bai wa ɗan da ke cikinki kaɗan ne.

Ga wani kek da za ki iya gasawa da hannunki, da garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba, da 'ya'yan itacen walnot. Ke ce za ki auna sukarinsa, kin kuma san duk abin da ya shiga ciki. Sai dai mu faɗa miki tun farko: kek dai kek ne. Abin marmari ne, ba ya maye gurbin tuwo da miyar ganye, wake, kifi da ƙwai, ballantana magungunan awo.

Me ya bambanta garin alkama da farar fulawa?

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana noma ta da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, kuma da ita iyayenmu suke yin alkaki da funkaso da taliyar murji. Ƙwayar alkama kashi uku ce: dusar da ta lulluɓe ta, farin garin da ke tsakiya, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi. Idan kamfani zai yi farar fulawa, sai ya cire dusar da idon. Da su ake tafiya da mafi yawan faiba, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida.

A cikin giram 100 na garin alkama cikakke akwai faiba wajen giram 10. A farar fulawa bai wuce giram 3 ba. Wannan ya shafe ki ƙwarai, domin juna biyu kan rage saurin aikin hanji, ƙwayar ƙarin jini kuma takan ƙara taurin bayan gida. Yawan yunƙuri a bayan gida na daga cikin abubuwan da ke tayar wa masu ciki da basir. Amma ki lura, faiba ba ta aiki sai da ruwa. Idan kin ƙara cin alkama, ki ƙara shan ruwa.

Ita ma fulawar kamfani tana da nata amfanin. Tun shekarar 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni a Nijeriya su ƙara bitamin A a fulawar da suke sayarwa, kuma ana ƙara mata sinadarin ƙarfe mai gina jini. Alkamar da kika kai inji da kanki ba ta da wannan ƙari. Saboda haka ba laifi ki haɗa biyun, kek ɗin ma zai fi laushi.

Idan za ki niƙa da kanki, ki tsince alkamar, ki rege tsakuwa, ki wanke, ki shanya ta bushe sarai. Ki roƙi mai inji ya share injinsa, kada garinki ya kwaso yajin wani. Ki tankaɗe da rariya mai faɗin ido don dusar ta wuce tare da garin. Kada ki niƙa mai yawa, domin idon alkama yana da mai, shi ya sa garin ke saurin canza wari a lokacin zafi.

Mene ne walnot?

Walnot ɗan itace ne mai ɓawo mai tauri. Idan an fasa, abin da ke ciki yana da lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙwaƙwalwa. Ana noma shi da yawa a ƙasar Sin da Amurka da Iran, a nan kuwa ana samun sa a manyan kantuna, a ɓare cikin leda. Kada ki haɗa shi da wanda ake kawowa daga kudancin Nijeriya da damina, mai baƙin ɓawo, wanda ake dafawa a sayar a ƙulle, wanda Yarbawa ke kira awusa. Suna ne ya zo ɗaya, amma tsiron daban ne. Wannan girkin da busasshen na kanti ake yin sa.

Cikin tafin hannu ɗaya na walnot, kimanin giram 28, akwai furotin giram 4 da mai nau'in omega-3 giram 2.5. Irin wannan mai jiki ba ya iya ƙera shi, sai daga abinci. Sai dai kaɗan ne daga cikinsa jiki ke juyawa zuwa nau'in da ƙwaƙwalwa da idanun jariri suka fi buƙata. Wannan nau'in a kifi ya fi yawa, irin su sardin da titus. Don haka walnot ƙari ne a kan kifi, ba madadinsa ba.

Walnot yana da tsada. Idan aljihu bai kai ba, kada ki damu. Soyayyar gyada mai kyau za ta yi aikin. Ba ta da omega-3 kamar walnot, amma ta fi shi furotin da sinadarin folet. Riɗi ko kashu ma suna shiga.

Kayan haɗi

Kofin da ake nufi a nan shi ne mai cin mililita 250.

Garin alkama, kofi 2 (ko kofi 1 da rabi, da rabin kofin fulawa)
Walnot, kofi 1, a ɓarza sama-sama
Ƙwai 3
Ayaba nunanniya sosai, guda 2
Sukari, rabin kofi, kada ya kai baki
Man gyaɗa, kashi ɗaya cikin uku na kofi
Madara, rabin kofi
Bekin foda, cokalin shayi 2
Garin kirfa, cokalin shayi 1
Gishiri, ɗan kaɗan

Yadda ake yi

1. Ki wanke hannunki da sabulu. Ki kunna obin ya kai digiri 180. Ki shafa wa gwangwanin gashi mai, ki barbaɗa gari kaɗan.

2. Ki zuba walnot a busasshen kasko, a kan wuta kaɗan, kina juyawa na minti 5 har ƙamshi ya tashi. Ki juye ya huce. Wannan yana rage ɗan ɗacin da ke jikinsa.

3. Ki haɗa gari da bekin foda da kirfa da gishiri a kwano ɗaya, ki gauraya sosai.

4. A wani kwanon, ki dame ayaba da cokali mai yatsu. Ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin kofi kafin ki zuba, kada ɓatacce guda ya lalata miki kwaɓi. Ki sa sukari da mai da madara, ki kaɗa.

5. Ki juye mai ruwan a kan garin, ki juya a hankali har garin ya ɓace, sannan ki tsaya. Yawan bugu shi ke sa kek ɗin alkama ya yi tauri. Ki zuba walnot, ki rage kaɗan na barbaɗawa a sama.

6. Ki bar kwaɓin ya huta minti 10, dusar ta sha ruwa. Idan ya yi kauri har ba ya saukowa daga cokali, ki ƙara madara cokali 2.

7. Ki zuba a gwangwani, ki gasa minti 40 zuwa 50. Kada ki buɗe obin kafin rabin sa'a. Ki soka wuƙa mai tsabta a tsakiya. Idan ta fito ba kwaɓi a jikinta, ya gasu. Ki bari ya huce kafin ki yanka gida 12.

Idan ba ki da obin

Babbar tukunya mai murfi ta isa. Ki zuba wankakken yashi busasshe a gindinta, kaurin yatsu biyu, ki rufe, ki ɗora a wuta na minti 15. Ki ajiye gwangwanin a kan yashin, ki rufe, ki rage wuta. Idan da gawayi kike aiki, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya yi ja. Ki yi wannan gashin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne gare ki da abin da ke cikinki. Ɗaga tukunyar yashi kuwa ki bar wa wani.

Yanka nawa za ki ci?

Idan kin bi wannan awo, kowane yanka yana da kalori wajen 250, faiba wajen giram 3, da sukarin da aka ƙara kimanin cokalin shayi 2. Maganar nan ta cewa mai ciki abincin mutum biyu take ci, ba haka take ba. A watanni ukun farko kusan ba kya buƙatar ƙarin abinci. A watanni ukun tsakiya ƙarin da ake buƙata wajen kalori 340 ne a rana, a na ƙarshe kuma wajen 450. Kin ga ke nan yanka ɗaya ya cinye fiye da rabin wannan ƙari.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum, wajen cokalin shayi 12 ke nan, har da na shayi da na koko da na zoɓo. Saboda haka yanka ɗaya ya wadatar, kuma ba kullum ba. Ki ci da hantsi ko da la'asar tare da ruwa ko kindirmo marar sukari. Ki guji cin sa dab da kwanciya, don maiƙo yana tayar da ƙwannafi.

Abubuwan da za ki kiyaye

Ciwon sukari na masu ciki. Zuma da zaƙi da harbi. Wannan ciwo sau da yawa ba ya nuna alama, gwajin jini ne ke gano shi, galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Idan ba a kula da shi ba, jariri kan yi girman da zai wahalar da haihuwa. In an ce kina da shi, ko kin taɓa haihuwar jaririn da ya kai kilo 4, ko akwai ciwon sukari a danginku, kada ki ci kek ɗin nan sai kin tambayi likita. Sauya sukari da dabino ko zuma ba ya warware matsalar, duk suna tayar da sukarin jini.

Lasar kwaɓi. Ɗanyen ƙwai da ɗanyen gari suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo zazzaɓi da amai da gudawa. Kada ki lasa, kada ki bai wa yara kwanon su suɗe. Idan da nonon shanu za ki yi, ki tafasa shi tukuna.

Funfuna. Gyada ko walnot da suka yi funfuna suna iya ɗaukar gubar afalatoksin mai lahanta hanta, kuma zafin gashi ba ya kashe ta. Duk ƙwayar da ta yamushe, ta canza launi, ta yi ɗaci sosai ko warin tsohon mai, ki zubar da ita.

Borin jini. Idan cin gyada ko danginta yana sa ki ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ki yi kek ɗinki ba tare da su ba. Idan kuwa ba ya yi miki komai, ba a tabbatar da cewa ƙaurace musu yana kare jariri daga wannan matsala ba, don haka ki ci abinki.

Ƙwayar ƙarin jini. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce kowace mai ciki ta sha sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum. Babu kek ɗin da zai ba ki wannan. Dusar alkama da shayi da madara suna rage yadda hanji ke tsotse ƙarfen, saboda haka ki ba da tazarar kamar sa'a 2 tsakaninsu da ƙwayar. Ki sha ta da ruwa, ki bi ta da lemon zaƙi ko gwaiba.

Ƙananan yara. Gutsuren walnot ko gyada na iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Idan da su za a ci, ki daka ya yi laushi kafin ki zuba a kwaɓi.

Ajiya. Ki rufe kek ɗin a mazubi mai murfi. Da zafi kada ya wuce kwana 2 a waje, a firji kuwa zai kai kwana 5.

Ga maigida da sauran dangi

Maigida, idan za ka riƙo tsarabar yamma, maimakon lemon kwalba da biskit ka sayo mudun alkama da ƙwai da ayaba. Iya da gwaggo da ke ɗawainiya da mai ciki, ku taya ta aikin wuta da ɗaga tukunya, kuma kada ku matsa mata da ƙari da sunan abin da ke ciki ne ke so. Babbar gudummawar da za ku bayar ita ce ku tabbatar ba ta fasa zuwa awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Ke kuma uwargida, ranar awonki mai zuwa ki zo da wannan shafi, ki nuna wa ungozoma ko mai ba da shawara kan abinci, a duba nauyinki da sakamakon gwajinki, a faɗa miki abin da ya dace da ke. Allah ya sauke ki lafiya.