Murar Tsuntsaye da Zancen Alade: Sahihi da Batili

Tun daga watan Fabrairu na 2006, sa'ad da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, kuma ba a rufa wata ba ta ɓulla a Magarya ta ƙasar Nijar, da wuya kaji su fara zubewa a Babban Duhu, ko Batsari, ko Safana, ba a ji wani a majalisa ya yanke hukunci cewa ciwon alade ne, mu kuwa da ba mu kiwonsa babu ruwanmu.

Cewa daga alade ta samo asali batili ne, domin gidan ƙwayar cutar na ainihi tsuntsayen ruwa ne masu ƙaura, su ke yaɗa ta cikin kashinsu. Amma akwai gaskiya a gefen zancen, ita ce Allah Ya halicci maƙogwaron alade da ƙofofi iri biyu, irin wadda ƙwayar tsuntsu ke shiga da irin wadda ta ɗan Adam ke shiga, saboda haka idan biyun suka gamu a jikinsa sai su yi musayar sassa, a sami sabuwa mai sabo da jikin dabba mai shayarwa. Annobar da ta taso daga Meziko a 2009 irin wannan gauraye ce.

Inda shubuhar ta fi haɗari shi ne zaton rashin alade kariya ne, alhali a watan Maris na 2024 an sami ƙwayar a shanun tatsa a Amurka, har cikin madararsu, wanda kuwa ya san yawan shanun da ke gefen dajin Rugu ba zai ji wannan labari ya wuce ba.

Batun cewa naman kaza ko ƙwai na sa ciwon ko da an dafa, ba shi da hujja. Wuta na kashe ƙwayar muddin nama ya nuna har ciki. Haɗarin yana gabanin tukunya, wato sa'ad da aka ga kaza ta takure, zankonta ya kumbura ya yi shuɗi, maigida ya ce a kawo wuƙa maza kada ta zama mushe, yara su fige ta da hannu, a jefa wa kyanwa kayan ciki. Ko malamin dabbobi ba ya tabbatar da cutar da ido, sai ya aika da samfuri Vom, kusa da Jos, an auna.