Ƙudan Tsando: Siffofinsa da Rabe-rabensa

Duk makiyayin da ya taɓa rasa saniya saboda sammore ya san tsando, amma kaɗan ne ke iya bambanta shi da sauran ƙudaje masu cizo. Wannan bambancewa kuwa ita ce matakin farko na yaƙi da shi, domin maganin da ya dace da wani iri ba lalle ne ya dace da wani ba.

Masana sun sanya tsando cikin rukunin ƙwari masu fukafukai biyu, wato Diptera, inda ƙudan gida da sauro suke. Sunan jinsinsa Glossina, wanda Wiedemann, wani Bajamushe, ya raɗa masa a 1830. Tsawonsa yakan kama daga milimita 6 zuwa 14, launinsa kuma tsakanin ƙasa-ƙasa ne da toka-toka.

Alamomi huɗu ne ake gane shi da su. Na farko, idan ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar almakashin da aka rufe, alhali ƙudan gida kan bar nasa a ware. Na biyu, bakinsa tsini ne miƙaƙƙe da ke fuskantar gaba. Na uku, jijiyoyin tsakiyar fiffikensa sun zana wani fili mai kama da gatari, kuma babu wani ƙuda mai wannan zane. Na huɗu, gashin da ke kan ƙahonsa na jin motsi yana da rassa, amma sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa.

Haihuwarsa ma daban take. Macen ba ta yin ƙwai a waje. Tsutsa guda take renowa a cikinta, ta haife ta kamar kowane kwana 10, tsutsar ta shige ƙasa, bayan kimanin wata guda ƙuda ya fito. Namiji da mace duka jini ne abincinsu.

An kasa ire-irensa, waɗanda suka haura 20, gida uku bisa ga mazauninsu. Akwai gidan morsitans na dajin da itatuwa ba su yi kauri ba, wanda ya fi addabar shanu. Akwai gidan palpalis na bakin rafi da kurmin gefen kogi, wanda ya fi yaɗa ciwon barci ga mutane. Sai gidan fusca na ƙungurmin daji. Ƙafar baya ita ke raba biyun farko: a gidan morsitans gaɓoɓi biyu na ƙarshe ne kaɗai baƙaƙe, a gidan palpalis kuwa duka biyar ɗin baƙaƙe ne.

Amfanin wannan ilimi ya bayyana a ƙasar Zazzau. Da ciwon barci ya tsananta a Anchau cikin shekarun 1930, an gano cewa na bakin rafi ne, irin su tachinoides, ke yaɗa shi. Saboda haka ba a tasam ma dukan daji ba, sai aka sassabe duhuwar rafuka kawai, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Da a ce na gidan morsitans ne, da wannan dabara ba ta wadatar ba, domin shi yawo yake nesa da ruwa yana bin namun daji.

Don haka wajibi ne ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi su duba fiffike da ƙafar ƙudan da suka kama kafin su nemi a kashe kuɗin hukuma a kan feshi ko sassabe.