Lambar da ke raba Aisha da Aisha: Yadda masana ke kare sunansu da aikinsu

Hausawa na cewa suna linzami ne. To amma idan malami ya buɗe rajista ya kira "Aisha Abubakar", mutum uku suka amsa a aji ɗaya, wace ce linzamin zai jawo? A makaranta mukan warware wannan da lambar shiga, a jarrabawar WAEC da NECO kuma da lambar ɗalibi. Wanda zai rubuta JAMB ma sai ya gabatar da lambarsa ta ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11. Masu bincike a jami'o'in duniya suna fama da irin wannan matsala, har ma tasu ta fi tamu girma, domin ajinsu duk duniya ne. Ga yadda suka shawo kanta, da kuma amfanin da za mu samu tun muna sakandare.

Mutum ɗaya, suna biyar

Idan malamin jami'a ya gudanar da bincike, yakan rubuta sakamakon ya buga a mujallar ilimi. Da waɗannan rubuce-rubuce ake auna shi wajen ƙarin girma da ba shi kuɗin wani binciken. Idan aka jingina aikinsa ga wani mai irin sunansa, guminsa ya tafi a banza.

Sunayenmu kuwa suna da sauƙin rikicewa. Mutum ɗaya zai iya fitowa a matsayin Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku, ko kuma a taƙaita shi zuwa "M." kawai. Wanda muke rubuta wa Usman a Kano, a Zinder ko Maraɗi Ousmane za a rubuta, saboda bin ƙa'idar rubutun Faransanci. Wata ta fara buga bincike da sunan mahaifinta, bayan aure ta koma amfani da na mijinta. A ƙasar Sin abin ya fi tsanani, inda miliyoyin mutane ke amsa sunan iyali ɗaya kamar Wang ko Li.

Don magance haka aka ƙaddamar da ORCID a watan Oktoba na 2012. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, tana bai wa kowane mai bincike lamba tasa shi kaɗai, kyauta. Lambar na da alƙaluma 16, a jere huɗu-huɗu. Na ƙarshe ana samunsa ne ta hanyar lissafi daga sauran 15, don haka idan mutum ya yi kuskure wajen kwafa, kwamfuta za ta iya ganowa. Wani lokaci harafin X ne ke zama a wannan gurbi na ƙarshe.

Misalin da ƙungiyar ke nunawa mutane yana da ban dariya. Lamba 0000-0002-1825-0097 ta wani "Farfesa" Josiah Carberry ce, mutumin da bai taɓa rayuwa ba. A Jami'ar Brown da ke Amurka aka ƙirƙiro shi don raha a 1929, aka ce wai masanin fasassun tukwane ne. Amma ga masani na gaske, lambar nan ba wasa ba ce: ko ya sauya suna, ko ya bar Jami'ar Bayero ya koma wata a Ingila, za ta bi shi da duk ayyukansa.

Rubutu ma na da tasa lambar

Matsala ta biyu ta shafi rubutun kansa. Da yawanmu mun taɓa danna wani adireshi a intanet sai muka ga 404, alamar cewa shafin ba ya nan. Mujallu kan sauya shafi, wani kamfani ya sayi wani, adireshin jiya ya mutu yau.

Maganin wannan shi ne lambar DOI. Kowace irinta tana farawa da 10 da ɗigo, sai lambar kamfanin da ya buga aikin, sai karan tsaye mai karkata, sai alamar rubutun kansa. Kamfanin kan yi rajistar lambar tare da adireshin da rubutun yake. Idan rubutun ya tashi zuwa sabon wuri, sai a gyara adireshin a rajista, lambar kuwa tana nan yadda take. Kamar lambar waya ce: ko mutum ya sauya unguwa, idan aka kira za a same shi. Ƙungiyar Crossref, wadda aka kafa a shekara ta 2000, ita ce ke yi wa akasarin maƙalolin mujallun ilimi wannan rajista.

Mu gwada da abin da muke karantawa a darasin Bayoloji. A ranar 25 ga Afrilu, 1953, James Watson da Francis Crick suka buga maƙalarsu kan siffar DNA a mujallar Nature. A lokacin babu intanet, amma daga baya an ba ta lamba: 10.1038/171737a0. Duk wanda ya rubuta doi.org/ ya biyo da wannan lamba, zai isa shafin maƙalar kai tsaye.

Littattafai sun riga kowa. Ku juya bayan littafin karatunku, za ku ga lambar ISBN, wadda ta koma alƙaluma 13 tun daga 2007. Idan ta fara da 978-978, a Najeriya aka yi mata rajista, kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Jaridu da mujallu kuma suna da ISSN mai alƙaluma 8.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan a duk lokacin da aka ba mu aikin gida ko muke shirin muhawara. A yau saƙonni na yawo a WhatsApp da taken "masana sun gano", ba tare da an faɗi su wane ne ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma sukan ƙago sunan maƙala da na marubuci, su tsara su tsaf kamar gaske, alhali babu su. Ɗalibin da ya kwafa ya miƙa wa malami, shi zai sha kunya.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Mu nemi lambar DOI, mu sa ta a doi.org, mu duba ko take da sunan marubucin da suka fito sun dace da abin da aka gaya mana. Idan lambar ba ta kai ko'ina ba, ko ta kai mu wani rubutu dabam, sai mu yi hattara.

Sai dai mu lura da iyakarta. Lambar tana tabbatar da cewa rubutun na nan ne kawai, ba ta ce abin da ke ciki gaskiya ne ba. Akwai maƙalolin da aka janye saboda kuskure ko maguɗi, kuma har yanzu suna ɗauke da lambobinsu. Haka nan ba kowane rubutu mai lamba ake karantawa kyauta ba. Akwai kuma tsofaffin ayyuka masu daraja da ba su da ita sam. Karantawa da tambayar malami suna nan a wuyanmu.

A wannan makon, kowa ya ɗauki littafi guda ya nemo ISBN ɗinsa, ya gano ko a Najeriya aka yi masa rajista. Wanda ya samu damar shiga intanet kuma ya gwada lambar maƙalar DNA. Waɗanda za su zama likitoci, injiniyoyi da masana harshe a cikinmu, wata rana su ma za su nemi tasu lambar mai alƙaluma 16, domin duk abin da suka gano a san nasu ne.