Gaskiya ko Jita-jita: Wakilin ƙirƙirarriyar basira ya san kayan aikinsa?

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, kamar duba farashi ko tura saƙo. A Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fito da tsarin MCP, wanda ya sauƙaƙa wannan haɗi. Tun daga nan maganganu suka yi yawa a kan waɗannan wakilai da ke aiki a madadin mutum. Ga wasu daga ciki.

Ana cewa wakilin yana leƙa cikin manhajar ya gane yadda take aiki. Jita-jita ce. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin (wato manhajar), ɗan bayani da wani ya rubuta, da jerin guraben da zai cike. Shi ke nan. Kamar yaron da aka aika kasuwa da takarda ne, abin da ba a rubuta ba sai ya cike da zato. A ce gurbi ya ce "kwanan wata" kawai, bai faɗi tsarin rubutawa ba. Wakili ya sa 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, manhajar kuma 'yar Amurka ce, ta karanta 4 ga Maris. Babu ƙararrawar da za ta buga, sai dai a ga tikitin jirgi na wata rana daban.

To, dogon bayani ya fi gajere? Galibi gaskiya ce. Jagoran da Anthropic ya rubuta wa masu haɗa manhaja ya ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla: me kayan aikin ke yi, yaushe za a ɗauke shi, yaushe za a bar shi. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa.

Maganar da ta fi yaɗuwa, kuma a ganina ta fi ɓarna, ita ce wai in injiniya ya karanta bayanin ya gane, an gama. Ina! Injiniyan ya san manhajar tun kafin ya karanta, shi ya sa ba ya ganin giɓin. A Disamban 2024 Anthropic ya bayyana cewa lokacin da suke shirya wakili don gwajin SWE-bench, gyaran kayan aiki ya fi cin lokacinsu a kan gyaran babban umarnin da ake ba wakilin. Sun lura wakilin yana ɓata adireshin fayil da zarar ya bar babban kundi, sai suka tilasta masa rubuta cikakken adireshi kullum, matsalar ta kau. A wurin gwaji aka kama wannan, karatu ba zai nuna shi ba.

Gwaji sau ɗaya ma bai wadatar ba. A 2024 kamfanin Sierra ya fitar da ma'aunin τ-bench, inda ake maimaita aiki guda a ga ko wakili zai ci kowane zagaye. Wakilin da ke amfani da GPT-4o bai ci rabin ayyukan ba, kuma a ɓangaren ciniki na ma'aunin, cin zagaye 8 a jere bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Don haka wanda ya sauya kalma a bayani ya gwada sau ɗaya ya ce ya gyaru, sa'a ya auna.

Yawan kayan aiki yana ƙara wa wakili ƙwarewa? A'a. Kowane bayani yana cin wuri a ƙwaƙwalwarsa ta aiki, kuma biyu masu kama da juna rikita shi suke yi.

Akwai kuma masu ganin bayani rubutu ne kawai, ba ya cutarwa. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna kayan aikin tara lambobi biyu, wanda aka ɓoye umarni a cikin bayaninsa cewa wakili ya karanto makullan sirri na kwamfutar ya miƙa. Mai kwamfutar taƙaitaccen bayani kawai yake gani, wakilin kuwa ya karanta duka.

Mai karatu, kafin ka jona wa wakilinka kayan aikin da wani ya rubuta, buɗe cikakken bayanin ka karanta shi har ƙasa, sannan ka gwada shi a asusun da babu kuɗinka a ciki.