Ko Ɗumamar Duniya Za Ta Iya Haifar Da Sabon Zamanin Ƙanƙara?

Tambayar tana kama da almara: yaya za a yi zafi ya haifi sanyi? Amma tun cikin shekarun 1980 masana kimiyyar teku suke tafka muhawara a kanta, har a 2004 masu shirya fim a Amurka suka ɗauke ta suka nuna ƙanƙara ta binne birnin Niyok cikin 'yan kwanaki. Fim ɗin ya cika gishiri ƙwarai. Duk da haka akwai ƙwayar gaskiya a cikin zancen, kuma wannan ƙwayar ta fi shafar manomin gero na Achilafiya, a ƙasar Kazaure, fiye da yadda ta shafi mazaunin Niyok.

Da farko, mene ne zamanin ƙanƙara? Shekaru kimanin 21,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin kilomita 3 a wasu wurare ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ya daskare a kan tudu ya sa teku ta yi ƙasa da kusan mita 120. Abin da ke kawo irin wannan zamani shi ne sauye-sauyen da ke faruwa a hankali cikin yadda duniya ke kewaya rana da kuma yadda take karkata, waɗanda masanin lissafi ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankobic, ya ƙididdige. Karkatar duniya, alal misali, takan ƙaru ta ragu cikin shekaru 41,000. Idan zafin rana ya yi rauni a can arewa mai nisa har ƙanƙarar bana ta kasa narkewa ta riski ta baɗi, to, an kama hanya. Iskar kabon-dayokzayid, mai riƙe zafi a sararin sama, ita ce ke ƙarasa aikin. A tsakiyar zamanin ƙanƙara yawanta bai wuce kashi 190 cikin miliyan ba. Kafin zamanin masana'antu ta kai 280, a 2024 kuwa ta haura 420. Da irin wannan bargo a jikin duniya, ƙanƙara ba ta da hanyar mamaye nahiyoyi. Wani bincike da aka yi a cibiyar nazarin yanayi ta Potsdam a Jamus a 2016 ya nuna cewa ko da ɗan'adam bai ƙara komai ba, da sauran shekaru kamar 50,000 kafin zamanin ƙanƙara na gaba, hayaƙin man fetur da kwal kuma yana ƙara nesanta shi.

Ƙasar Hausa ba ta ga ƙanƙara a wancan zamani ba, fari ta gani. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta tara tuddan rairayi a inda yau ake noma. A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya wallafa nazari a kan waɗannan tsofaffin tuddai da ke arewa da gabashin Kano, waɗanda ciyawa da itatuwa suka daɗe da ɗaurewa. Su ne jigayin da jihar Jigawa ta samo sunanta. Bayan haka al'amari ya juya: shekaru 7,000 zuwa 8,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya cika ya batse har bakinsa ya kai kusa da Bama, kuma kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 daga wannan zamani na yalwar ruwa ya fito. Wato daminar wannan yanki ta sha gaba ta sha baya.

To, ina batun zafi ya haifi sanyi ya samo asali? Daga Tekun Atlantika. A cikinta akwai wani makeken kogi wanda ba shi da gaɓa. Ruwa mai ɗumi yana tafiya ta sama daga yankunan zafi zuwa arewa, yana sakin ɗuminsa cikin iska a hanya. Kafin ya isa wajen Girinlan da Aisilan ya yi sanyi, ga shi kuma da gishiri mai yawa saboda turirin da ya fita daga cikinsa. Sanyi da gishiri duka suna ƙara wa ruwa nauyi. Ɗalibi na iya gwada rabin wannan a gida: ƙwai yakan nutse a kofin ruwan rijiya, amma in aka narka gishiri da yawa a ciki sai ya taso, domin ruwan ya fi shi nauyi. Haka ruwan nan mai nauyi ke nutsewa kilomita 2 zuwa 3 ya koma kudu ta ƙarƙashi, nutsewar tasa kuma tana jawo wani mai ɗumi ya maye gurbinsa. Ruwan da ke juyawa a wannan hanya ya ninka na dukkan kogunan duniya fiye da sau goma.

Raunin wannan tsari shi ne ruwan daɗi. Ƙanƙarar da ta narke ba ta da gishiri, saboda haka idan ta kwararo da yawa sai ta kwanta a saman teku kamar mai a kan miya, ta hana nutsewa. An taɓa yin haka. Shekaru kimanin 12,900 da suka wuce, duniya tana cikin fita daga zamanin ƙanƙara, sai arewacin Atlantika ya koma cikin sanyi mai tsanani, ya zauna a haka har shekara 1,200. Yawancin masana, bisa tafarkin Wallace Broecker na Jami'ar Kolambiya, suna danganta wannan da ambaliyar ruwan daɗi daga wani babban tafki da ƙanƙara ta tare a Amurka ta Arewa. A daidai wannan lokaci tafkuna da yawa na Afirka ta arewacin Ikwaita suka ja baya. Ga zafi ya haifi sanyi, ga sanyi kuma ya haifi fari.

Dalilin farin ba ɓoyayye ba ne. Damina a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa tana zuwa ne idan iska mai laima daga kudu maso yamma ta ture busasshiyar iskar arewa maso gabas, ta hunturu, ta kora ta cikin hamada. Layin da iskokin biyu ke haɗuwa yakan karkata zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. In arewacin Atlantika ya yi sanyi, kudancinta ya yi ɗumi, sai layin ya kasa hawowa arewa sosai, ruwa ya zuba a teku da bakin gaɓa, Sahel ta tashi da kaɗan. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari na Sahel sun dace da irin wannan bambancin ɗumi. Dattawan Achilafiya ba sa bukatar a ba su labarin 1973 da 1984. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba, dabbobi suka mutu, noman gyaɗa ya kama hanyar durƙushewa. Kogin cikin teku bai tsaya a lokacin ba. Ɗan sanyin da arewacin tekun ya yi, wanda hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen kawowa, shi kaɗai ya isa.

Yau Girinlan tana asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a shekara. Wannan adadi ne babba, amma bai kai irin ambaliyar wancan zamani ba, domin ƙanƙarar da ta rufe Kanada babu ita. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa kusan tabbas ne wannan juyawar ruwa za ta yi rauni cikin wannan ƙarni, amma yana da matsakaicin yaƙini cewa ba za ta tsaya farat ɗaya ba kafin 2100. Matsakaicin yaƙini ba magana ce mai kwantar da hankali ba. A 2023 wasu masana biyu na Jami'ar Kofanhegan suka yi hasashen tsayawarta wajen tsakiyar ƙarnin, wasu kuma suka soki hanyar lissafinsu. Abin da ya hana a raba gardamar shi ne sai a 2004 aka girka na'urorin da ke auna ƙarfin ruwan a kai a kai daga Fulorida zuwa gaɓar Afirka, shekara ashirin kuwa kaɗan ce a rayuwar teku.

Idan har ta tsaya, Ingila da Norwe za su sha sanyi, amma sauran duniya za ta ci gaba da ɗumama. Wannan ba zamanin ƙanƙara ba ne. A nan gida hisabin ya fi tsauri. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo Sahel, sai dai yakan zo kamar da bakin ƙwarya, kamar yadda ambaliyar Jigawa ta 2020 da 2022 ta nuna. Raunin kogin teku zai ja akalar ne zuwa ɗaya ɓarin, ga zafi ya ƙaru, ga damina ta gajarta. Gero na iya nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, dawa ta gargajiya kuwa tana son wata huɗu zuwa biyar. A yankin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, raguwar mako uku ta isa ta fitar da dawa daga jigawa, ta bar manomi da gero da wake.