Asbestos a Tsofaffin Gine-Ginen Bayan Gida: Abin da Inshora Ba Ta Biya

Mutane da yawa suna tsammani in sun yi wa gida inshora, suna kuwa biyan kuɗinta kowace shekara, duk abin da ya sami gidan kamfani zai biya. Wannan kuskure ne. Kowace takardar inshora tana da togaciya, watau abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su. A nan za a bayyana ɗaya daga cikinsu, wadda ta shafi asbestos da ke jikin gareji, da sito, da rumfa, da sauran ƙananan gine-gine na bayan gida. Za a ɗauki misali daga Ingila, inda aka daɗe ana fama da wannan al'amari.

Mene ne asbestos?

Wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, wanda in an farfasa shi yakan zama silili-silili kamar auduga. Iri uku aka fi sani: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Wuta ba ta cinsa, ba ya tsatsa, ga shi da araha. Saboda haka aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi, da silin, da indararo, da bututu. A cikin irin wannan kwano, asbestos yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an rufe gareji da sito masu ɗimbin yawa da shi a Ingila, da yawansu kuwa suna nan tsaye har yanzu.

Ina illarsa take?

Illarsa tana cikin ƙurarsa. Muddin kwanon yana nan lafiya lau, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka huda, ko aka kankare, sai siraran zaruruwan da ido ba ya gani su tashi cikin iska. Wanda ya shaƙe su, sukan maƙale a huhunsa. Ciwon ba ya bayyana nan da nan, yakan ɗauki shekara 15 har zuwa 60.

A 1955 wani likitan Ingila, Richard Doll, ya nuna cewa ma'aikatan asbestos sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon dajin huhu. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka gano wani ciwon daji na fatar da ta lulluɓe huhu a wurin mutanen da ke kusa da mahaƙar shuɗin asbestos. Gwamnatin Ingila ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, ta hana fari a 1999. Don haka duk ginin da aka yi can kafin shekarar 2000 yana yiwuwa akwai asbestos a jikinsa.

Me ya sa kamfanoni suka toge shi?

Dalili na farko, sun sha wuya a kansa. Ma'aikatan da suka kamu da ciwo, musamman a Amurka, sun yi ta kai ƙara ana biyansu diyya a kan takardun da aka rubuta tun shekaru masu yawa da suka wuce. Wannan yana cikin abin da ya kusa durƙusar da babbar kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan a farkon shekarun 1990.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci ga mai gida. Inshorar gida an yi ta ne domin tsautsayin da ya auku farat ɗaya, kamar gobara, ko guguwa, ko faɗuwar itace. Tsufa da lalacewar yau da gobe kuwa, wannan nauyin mai gida ne.

Abin da ake biya da wanda ba a biya

1. In mutum ya gano rufin garejinsa na asbestos ne, yana so a cire, galibi kamfani ba zai ba shi ko kwabo ba, domin babu tsautsayin da ya auku.

2. In kwanon ya tsufa, ya tsattsage, gansakuka ta cinye shi har ya fara yoyo, wannan ma ba a biya.

3. In gobara ta ci garejin, ko guguwa ta yaye rufin, kamfanoni da yawa sukan biya, har da kuɗin kwashe ɓaraguzai. Amma fa waɗansu takardu suna da iyakar kuɗin da za a biya a kan ginin bayan gida, kwashe asbestos kuwa yana da tsada ƙwarai, domin dokar ƙasar ta sa shi cikin shara mai haɗari. In kuma mai binciken kamfani ya ga rufin dā ma ya ruɓe, yana iya cewa tsufa ne ya kā da shi.

4. In ƙurar ta shiga gidan maƙwabci, ko ta cuci ma'aikacin da aka ɗauka, waɗansu takardu sun toge diyyar wannan ɗungum.

5. Dokar Ingila ta 2012 ta ɗora wa mai neman inshora ya kula ya amsa tambayoyin kamfani bisa gaskiya. Wanda aka tambaye shi da me aka yi rufinsa ya ɓoye, ana iya rage masa diyya, ko a hana shi sam.

Abin da ya kamata mai gida ya yi

Mu ma a nan ƙasar an yi rufi da silin da irin wannan kwano a gidaje da makarantu da ofisoshi masu yawa, saboda haka gargaɗin ya shafe mu. Sharuɗɗan kamfanoni sun bambanta, kada kowa ya dogara da abin da ke cikin takardar maƙwabcinsa.

Ku ɗauko takardarku ku karanta sashen togaciya. Wanda bai gane ba ya nemi wakilin kamfani ya bayyana masa, ya kuma ce a rubuta masa amsar. Ku tambaya ko inshorar ta haɗa da gareji da sito, da iyakar abin da za a biya a kansu.

Ido kaɗai ba ya rabe kwanon asbestos da wanda ba shi ba, sai an kai ɗan guntu an gwada. Kafin a gwada, ku ɗauka shi ne. Kada ku huda shi, kada ku yanka shi da zarto, kada ku kankare shi, kada kuma ku hau kansa, domin tsohon kwano yakan burma da mutum. In ya karye, a hana yara zuwa wurin, a yayyafa masa ruwa don kada ƙura ta tashi, kada a share shi a bushe. Sa'an nan a sanar da kamfani kafin a kwashe kome, a nemi waɗanda suka san aikin.

Daga ƙarshe, wanda ke da irin wannan rufi ya riƙa duba shi kowace shekara kafin damina, ya kuma riƙa ajiye ɗan abin da zai sake shi da shi, gama ran da ya gaji, daga aljihunsa kuɗin za su fito.