Sa Ido Daga Nesa A Kan Aikin Da Kwamfuta Ke Yi Da Kanta

A kowace ma'aikata akwai ayyukan da akan maimaita kullum ba canji, kamar lissafin albashi, da ajiye kofen muhimman bayanai, da aika rahoto. A zamanin nan yawancinsu an ɗora su a kan kwamfuta, watau a rubuta mata jerin umarni, a yanka mata lokaci, ita kuwa ta zartar ko da tsakar dare ne. Manhajar da ake kira cron, wadda ke cikin tsarin Unix tun shekarun 1970, ita ce agogon da ya fi shahara wajen tayar da irin waɗannan umarni.

Sau da yawa kuma kwamfutar da ke aikin ba ta da gangar jiki tata ta kanta. Akan ɗauki babbar na'ura guda a kasa ƙarfinta kashi-kashi, kowane kashi ya yi aiki tamkar cikakkiyar kwamfuta, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa. Ita ce za a kira kwamfutar kwaikwayo. Kamfanin IBM ya fito da irin wannan tsari mai suna VM/370 a 1972, sa'an nan a 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar irin waɗannan ɗakuna ta intanet. Saboda haka mai aiki yana iya zama a wata nahiya, aikinsa na gudana a wata. To, ta yaya zai san aikin yana tafiya daidai?

Akwai hanyoyi uku da aka saba bi. Ta farko ita ce mutum ya shiga na'urar daga inda yake ta hanyar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finland a 1995, ya karanta kundin da aikin ke rubuta abin da ya yi. Ta biyu ita ce a sa wata manhaja, irin su Nagios ko Prometheus, ta riƙa auna lafiyar na'urar, alal misali ko ma'ajiyarta ta kusa cika. Ta uku ita ce a umarci aikin ya aiko da saƙo in ya gamu da cikas. Wannan ta ƙarshe ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi yaudara, domin mai ita yakan ɗauka cewa muddin bai ji kome ba, to, lafiya lau.

Abin da ya sami kamfanin GitLab ya isa misali. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacinsa ya share babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Da aka koma neman kofen da wani jerin umarni ya kamata ya riƙa ajiyewa, sai aka tarar babu. Ashe aikin ya daɗe yana faɗuwa, domin manhajar da ke kwafe bayanan tsohuwa ce, ba ta dace da rumbun ba. Saƙonnin gargaɗi kuwa ana ta aika su, amma na'urar karɓar wasiƙu tana ƙin karɓarsu, ba wanda ya gani. Ƙarshenta sai da aka yi asarar bayanan kimanin awa 6.

Maganin wannan matsala tsoho ne. Mai gadin dare yakan buga ƙarfe kowace awa, ba don ya ga ɓarawo ba, sai don masu gida su san idonsa biyu. In awa ta cika ba a ji ƙarfe ba, shirun ne labari. Haka ya kamata a tsara aikin kwamfuta: duk lokacin da ya kammala lafiya, ya aika da 'yar alama zuwa wata na'ura dabam. In lokaci ya wuce alamar ba ta iso ba, sai waccan ta ta da mutum.

Amma akwai sharuɗɗa. Na farko, mai sauraron alamar kada ya zauna gida ɗaya da aikin, gama in wuta ta ɗauke, tare za su yi shiru. Na biyu, kada a aika alamar sai an tabbatar da sakamako, misali kofen da aka ajiye ba fanko ba ne. Na uku, a riƙa jarraba ƙararrawar da gangan, a kuma gwada maido da bayanai daga kofen, tun da gani ya kori ji. Na huɗu, kada gargaɗi ya yi yawa har kunne ya saba da shi, kuma a san sunan jami'in da alhakin amsawa ke wuyansa.

A taƙaice, ana iya ɗora wa na'ura aiki, amma ba a ɗora mata alhaki. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Aikin mai sa ido shi ne ya shirya yadda zai ji ta a kan lokaci.